Karatun Yara da Ɗakin Karatu a Firamare: Tambayoyin da Iyaye da Malamai Suka Fi Yi Mini a Kebbi

Na daɗe ina koyarwa a wata firamare a ƙasar Argungu, kuma tun da aka danƙa mini makullin akwatin littattafan makarantar, da wuya rana ta fito ta faɗi wani bai tare ni da tambaya ba. Wani lokaci malami ne a ofis, wani lokaci uwa ce a bakin ƙofar makaranta, wani lokaci kuma dattijon unguwa ne bayan an idar da la'asar. Da na ga tambayoyin kusan iri ɗaya ne, sai na tattara su a nan tare da amsar da nakan bayar. Yawancin abin da za ku karanta a gaban yara na koye shi, kan tabarma.

Makarantarmu ba ta da ɗakin karatu. Ta ina za mu fara?

Ku fara da akwati. Akwatin ƙarfe irin wanda maƙera ke bugawa a kasuwa, da littattafai 30 ko 40, da tabarmi biyu, da inuwar dogonyaro. Idan waɗannan sun samu, to kun yi ɗakin karatu, saura gini.

Na taɓa shiga makarantar da aka gina wa ɗaki mai kyau, aka rubuta suna a ƙofa, aka danna kwaɗo. Da aka buɗe mini, littattafan suna nan cikin ledarsu kamar ranar da aka sauke su daga mota. Hedimastan ya ce da ni, "Malam, ranar da masu duba makarantu suka zo suka ƙirga suka tarar babu ɗaya, wa zai amsa?" Na fahimci tsoronsa, don shi za a tuhuma. Amma abin ya tsaya mini a rai har yau, domin a bayan wannan bangon akwai yara ɗaruruwa da ba su taɓa riƙe littafin labari a hannunsu ba. Littafin da ke kulle, da shi da babu duk ɗaya ne a wurin yaro. Don haka kafin a nemi siminti da kwano, a fara samun malami ɗaya da ya yarda zai buɗe akwatin kowace rana, hedimasta kuma ya ba shi baki a gaban kwamitin makaranta cewa littafin da ya tsufa a hannun yara ba laifin kowa ba ne.

Me ake yi a darasin ɗakin karatu? Ba dai a zaunar da yara a ce su yi shiru ba?

A'a. Idan darasin na minti 35 ne, ga yadda nakan raba shi.

Minti goman farko ni ke karanta musu labari da murya. Kafin in buɗe, nakan ɗaga bangon littafin in zagaya da shi: "Me kuka gani? Wane ne wannan? Ina kuke jin za shi?" Duk amsar da yaro ya bayar karɓaɓɓiya ce, don ba jarrabawa ake yi ba. Sai in fara, ina sauya murya: ta kura daban, ta Gizo daban, ta tsohuwa daban. Malamin da ke jin nauyin yin muryar kura a gaban yara, ya daure ya ajiye nauyin nan a ƙofa. In na zo inda labari ya ɗau zafi sai in rufe littafin da yatsana a ciki, in ce, "To, me zai faru?" A nan ne aji ke kacamewa da gardama, kuma wannan gardamar ita ce darasin. Yaron da ya ce "Malam, ba zai shiga ramin ba, ai ya ga sawun kura," ya nuna yana bin labari da hankalinsa, yana haɗa abin da ya wuce da abin da ke tafe. Abin da ake kira fahimtar karatu ke nan, kuma yaro yana iya fara shi tun bai san harafi ko ɗaya ba.

Minti goma na biyu karatun bibbiyu ne. Yara biyu, littafi ɗaya, wannan ya karanta shafi, wancan ya karanta na gaba. Nakan haɗa wanda ya ɗan yi gaba da wanda ke biye da shi, ba gwani da wanda bai fara ba, don gwanin zai ƙosa ya karɓe littafin.

Sai minti goma na karatun kai, kowa da abin da ya zaɓa. 'Yan aji ɗaya hotuna suke bi suna ƙirƙiro labarinsu a hankali, kuma a bar su, karatu ne a matakinsu. Muhimmin abu a nan shi ne malami ma ya ɗauki littafi ya zauna. In yara suka ga malam yana cika rajista ko yana latsa waya, sun gane cewa karatu aikin yara ne da babba ya wuce.

Sauran minti biyar na mayar da littattafai ne, da jin ta bakin yaro ɗaya ko biyu kan abin da ya karanta.

Sau nawa a mako?

Cikakken darasi sau ɗaya ga kowane aji, a rubuce cikin jadawali, kada a bar shi sai in wani malami bai zo ba. Ban da shi, minti goma na karatu kowace safiya. A watannin bazara, daga Maris zuwa Mayu, a sa shi da wuri kafin rana ta take, don duk wanda ya san zafin Birnin Kebbi da Argungu ya san bayan sha biyu ba a samun hankalin yaro ƙarƙashin kwano.

Ɗana yana aji huɗu, yana karanta duk abin da ke allo, amma in na ba shi wata takarda sai ya yi shiru. Me ya sa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace damuna, don ita ce ciwon da ya fi yawa. Yaron hadda yake yi, ba karatu ba. Malami ya rubuta jimla a allo, ya faɗa, aji ya amsa, aka maimaita sau ashirin. Yaro mai kaifin kai ya riƙe ta tsaf, har ya san in sanda ta kai tsakiyar allo ga abin da ake cewa.

Wani uba ya taɓa zuwa wurina da murna ya ce, "Malam, yaron nan naku ai ya iya karatu, kullum sai ya rera mini na ranar." Na ce, "Baba, Allah ya yi masa albarka, bari mu ɗan gwada shi." Na tsuguna na rubuta kalmomi uku a ƙasa: kifi, gora, taru. Ɗan masunta ne, da waɗannan abubuwa ya buɗe ido. Ya dube su, ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Uban ya yi jugum. Na ce masa kada ransa ya ɓaci, yaron ba daƙiƙi ba ne, ba a dai nuna masa ƙofar ba.

Ƙofar ita ce sautin harafi. Rubutun Hausa na boko yana da sauƙin da Turanci ba shi da shi: kusan kowane harafi sautinsa ɗaya ne a ko'ina. Wasula biyar ne, a, e, i, o, u. In yaro ya san su, ya san sautin baƙaƙe, sai a koya masa haɗawa: ba, be, bi, bo, bu, ka, ke, ki, ko, ku. Daga nan gaɓa ta hau gaɓa, ki da fi su ba da kifi. Kuskuren da muke yi shi ne mu fara da waƙar "e, bi, si, di" ta Turanci, sannan mu sa ran yaro ya haɗa "bi" da "e" ya ce "ba". Ta ina zai gano? Sunan harafi a Turanci daban, sautinsa a Hausa daban.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. A makarantar allo da babbaƙu ake farawa, sannan farfaru, kafin almajiri ya soma haɗa kalma. Malamanmu na zaure sun san ba a tsallake mataki. Yaron da na ambata, mun koma da shi baya ba tare da tozarci ba, minti 15 kullum bayan tashi, da marafan kwalba da aka rubuta gaɓoɓi a kansu yana jerawa. Kafin zango ya ƙare ya karanta wa ubansa sunan da ke jikin buhun taki.

Da Hausa za a fara ko da Turanci? Ai da Turanci ake jarrabawa.

Da harshen da yaro ke ji za a fara. Koyon karatu aiki ɗaya ne, koyon sabon harshe wani aiki ne daban. In aka ɗora wa ɗan shekara shida duka biyun a lokaci guda, yawanci ba ya samun ko ɗaya. Amma wanda ya gane cewa alamomin nan na takarda magana ce, ya iya cire ma'ana daga cikinsu da Hausa, wannan sani yana binsa zuwa Turanci. A manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 an amince da koyar da ajujuwan farko da harshen uwa ko harshen yankin. Maƙwabtanmu kuma sun gwada a aikace: shirin Mu Karanta a Sakkwato da Bauchi, da shirin RANA na koyar da karatu da lissafi a Zamfara da Katsina, duk da Hausa suka fara wa yara.

Wannan ba ya nufin a jingine Turanci. Tun aji ɗaya a riƙa yin sa da baki, gaisuwa da waƙa da sunayen abubuwa, kunne ya saba. A akwatin ma a sa littattafan Turanci masu manyan hotuna da 'yan kalmomi.

Hausar littafi ba irin ta gidanmu ba ce. Ba za ta rikita yaro ba?

Takan ɗan ba shi mamaki, amma ba ta rikita shi in malami ya iya bi da abin. Yaronmu yana cewa biyat, littafi ya ce biyar. Yana cewa tahi, littafi ya ce tafi. Yana cewa wanga, shina, ɗiya. Littafi ya ce wannan, yana, 'ya. Abin da ba na so shi ne malami ya ce wa yaro "ba haka ake faɗa ba". Haka ake faɗa mana, haka uwarsa da kakarsa ke faɗa, kuma Hausa ce tsantsa. Abin da za a ce masa shi ne, "Mu a nan haka muke cewa, a littafi kuma ga yadda ake rubutawa don na Kano da na Zariya da na Damagaram duk su gane." Nakan raba allo biyu, yara su kawo kalmomin gida, mu nemo takwarorinsu na littafi. Suna son wasan nan ƙwarai, kuma sukan koma gida su tambayo tsofaffi wasu kalmomin.

Mu a Zuru muke, yara da yawa ba Hausa suke yi a gida ba. Yaya za mu yi?

Haka abin yake a wurare da dama na jihar nan: Dakarkari da Dukawa a ƙasar Zuru, Kambari da Gungawa a ƙasar Yawuri, Zabarmawa wajen Kamba da iyakar Nijar, ga Fulani ko'ina. Da yawan yaran suna jin Hausar kasuwa da ta wasa, amma ba ta kai ta labari mai tsawo ba. Kafin a karanta labari, a fitar da kalmomi huɗu ko biyar masu wuya a bayyana su da hoto ko da abin a hannu. Bayan an gama, a bar yaro ya maimaita labarin da harshen gidansu, wani ya mayar wa aji da Hausa. In akwai rubutaccen abu da harshen yaran, ko shafi biyu ne, a sa shi cikin akwatin. Yaron da ya ga harshen uwarsa a takarda yakan ɗaga kai.

Haruffa masu lanƙwasa fa, dole ne a matsa a kansu?

Dole ne. Ɓ, ɗ, ƙ da 'y haruffa ne masu zaman kansu. Ɓera ba bera ba ne, ƙafa daban kafa daban, ɗaki daban daki daban. Mafi sauƙin hanyar koyar da su ita ce wasan karya harshe da yara suka riga suka sani, irin na ƙato da kwaɗo da suka je ƙoto. A rubuta shi a allo, su faɗa da sauri su yi dariya, sannan a ce su zagaye duk ƙ da suka gani.

Akwai kuma kalmomin da rubutunsu ɗaya ne amma furucinsu daban, don rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya. Gari na zama da garin tuwo, fari na launi da farin rashin ruwan sama. A nan yaro ke koyon cewa sai ya karanta jimla gaba ɗaya kafin ya san wanne ake nufi.

Ina za mu samu littattafai, ga tsada?

Ku fara da na hukuma. Tun dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, ilimin firamare da ƙaramar sakandare haƙƙin kowane yaro ne kyauta, kuma littattafai sukan zo ta hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha zuwa ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Hedimasta da shugaban kwamitin makaranta su rubuta takarda su kai da kansu, su kuma koma su bi sawu.

Sai tsofaffin ɗalibai. Kowace firamare tana da 'ya'yanta da ke aiki a Birnin Kebbi ko Sakkwato ko Abuja. In aka ce musu kuɗi, sai su yi ɗari-ɗari. In aka ce kowa ya kawo littafin labari biyu in ya zo sallah, za a sha mamaki. A gidaje ma akwai tsofaffin littattafan kamfanin buga littattafai na NNPC na Zariya da mutane suka adana, irin su Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu da yawancinmu muka tashi da su. Ga 'yan aji biyar da shida, Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, har gobe yana riƙe aji tsit.

A intanet kuma akwai rumbunan littattafan yara na kyauta, irin su African Storybook da StoryWeaver da Bloom Library, kuma ana samun na Hausa a cikinsu. Ana saukewa a buga a shagon kwamfuta. Shawarata ita ce malami ya karanta kowanne kafin a kashe kuɗin bugawa, don wasu fassara ce da ba ta zauna ba.

Amma littafin da yara suka fi rububi a akwatinmu ba saye aka yi ba.

Wane ne wannan?

Wanda suka rubuta da kansu. Na ce wa 'yan aji biyar kowa ya je ya tambayi wani babba a gidansu abu ɗaya game da sana'arsa. Ɗan masunta ya dawo da sunayen kifaye: giwan ruwa, tarwaɗa, ƙarfasa, ƙurungu, yauni, da yadda ake riƙe homa a hau gora ranar bikin kamun kifi a Matan Fada. 'Yar manoma ta kawo bayanin shinkafar rani tun daga dashe har korar tsuntsaye. Wani da kakarsa 'yar Aliero ce ya rubuta yadda ake adana albasa. Muka gyara rubutun tare a allo, masu hannun zane suka yi hotuna, muka ɗinke da zare da allura, muka yi bango da kwalin taliya. Kowane shafi da sunan marubucinsa a ƙasa.

Dalilin da ya sa ya fi karɓuwa a fili yake. Yaro ya san abin da ake magana a kai, don haka duk ƙarfinsa yana tafiya wajen gano kalma, ba wajen tunanin mene ne dusar ƙanƙara ba. Sannan ya ga cewa mutum irinsa ne ke rubuta littafi. Daga baya mun kai wani aji gidan tarihi na Kanta da ke nan Argungu, suka ga makamai da kayan sarautar Kabi, suka ji labarin Muhammadu Kanta da birnin Surame na ƙarni na 16. Da muka dawo, littafi na biyu ya fito. Na Yawuri suna da bikin Rigata da bakin Kwara, na Zuru suna da bikin Uhola, na Gwandu suna da tarihi a ƙofar gida. Babu garin da ya rasa abin rubutawa.

In aka ba yara aro su kai gida, ai za su yaga ko su ɓatar.

Wasu za su yage, wasu za su ɓata, amma ba kamar yadda ake tsoro ba. Makon farko ban ba kowa aro ba; koyon riƙo muka yi. A wanke hannu, a juya shafi daga kusurwar sama, ba a lasar yatsa, ba a naɗe littafi a cusa aljihu. Kowa ya zo da leda. Akwai littafin aro mai layi huɗu: suna, littafi, ranar ɗauka, ranar dawowa, kuma 'yan aji shida biyu ne ke cika shi, mace da namiji. Aro na kwana uku ne. In littafi ya yage, wanda ya yaga shi zai zauna ya liƙe shi da ni, ba duka ba tara. Na lura ranar da aka fara cin tara, ranar iyaye ke hana 'ya'yansu ɗauka, shi ke nan an rufe ƙofa.

Gara da ɓera da damina fa?

A ɗora akwatin kan bulo ko benci, nesa da bango. A buɗe shi ya sha iska ko a lokacin hutu. Busasshen ganyen dogonyaro a ƙasan akwati yana taimakawa wajen ƙwari. Kada a ajiye abinci kusa. Kafin ruwan farko a duba rufin da ke samansa.

Sai mun bi tsarin lambobi irin na manyan laburare?

Ba yanzu ba. Tsarin da Melvil Dewey ya fitar a Amurka a 1876, mai raba ilimi gida goma, yana da amfani in littattafai sun kai dubbai, kuma yana da kyau 'yan aji shida su ji labarinsa kafin su shiga sakandare. Ga akwati ɗaya, launi ya isa: kore ga masu hoto da kalma ɗaya ko biyu, rawaya ga masu gajerun jimloli, ja ga masu dogon labari. A liƙa ɗan ƙyalle ko a shafa fenti a ƙashin littafin. Launin na littafi ne, ba na yaro ba. Kada a ce wa kowa "kai ɗan kore ne". In ƙaramin yaro ya miƙa hannu ga mai ja, a bar shi ya gwada.

Ajina yara sun haura ɗari. Wannan duk zai yiwu?

Zai yiwu, amma ba kai kaɗai ba. Karatu da murya ba ruwansa da yawa, sai dai ka sake zana hotunan da girma a bayan tsohuwar kalanda ko buhun siminti don na baya su gani. Sauran darasin a raba yara rukuni-rukuni, goma-goma, kowane rukuni da jagora daga aji shida. A raba su gwargwadon inda suka kai a karatu, ba gwargwadon tsawo ko shekaru ba: masu koyon harafi, masu haɗa gaɓa, masu karanta jimla, masu karanta labari. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta yi fice da wannan salo, kuma amfaninsa shi ne kowa yana aiki a daidai ƙarfinsa. Kai kuma ka fi zama wurin na ƙasa.

Ni ban yi boko ba. Da me zan taimaki 'yata?

Wata uwa ta yi mini wannan tambaya tana rufe baki da mayafi. Na ce, "Inna, kin iya tatsuniya?" Ta yi dariya ta ce wace mace ce ba ta iya ba. Na ce to kin riga kin fara. Yarinyar da ta saba jin "ga ta nan ga ta nanku" ta amsa "ta zo mu ji ta", ta bi Gizo da Ƙoƙi har ƙurunƙus, ta san labari yana da farko da tsakiya da ƙarshe, kuma kanta cike yake da kalmomi. Kacici-kacici ma haka: shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, baba na ɗaka gemu na waje. Duk horon tunani ne.

Bayan wannan, ki ce ta karanta miki. Kina tsince shinkafa, tana gefe da littafinta. Ba sai kin san harafi ba kafin ki gane in labari bai haɗu ba, ki ce, "Tsaya, wa ya ce haka? Sake karanta wurin." Ki ba ta kwalin magani ko ledar omo ta karanta miki. Ki kuma ware mata ɗan lokaci kafin magariba da ba aike ba talla. Wannan na ƙarshen shi ya fi wuya, na sani, don kuɗin tallar nan wani gidan da shi ake cefane. Ko minti 15 ne, in ya zama na kullum, yana yin aiki.

Karatun labarai ba zai janye hankalin yaro daga Islamiyya da allo ba?

Ban ga haka ba. Abin da na gani shi ne yaron da ya saba zama da rubutu a wuri ɗaya yakan fi natsuwa a ɗayan. Mu da muke ƙasar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya yi rubuce-rubucensa, yake kuma kwance a Gwandu, bai kamata littafi ya zama abin zargi a wurinmu ba. Nana Asma'u ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, malamai mata da ake kira jaji suka riƙa kai su ƙauyuka suna koya wa mata, don ta san ilimi ya fi shiga da harshen da mutum ke ji. A akwatinmu akwai tarihin annabawa da sahabbai da Hausa mai sauƙi, akwai 'yan shafuka na ajami. A makarantun da ke da yara Musulmi da Kirista kuma, a zauna da iyaye na kowane ɓangare su ga abin da ke cikin akwatin da idonsu. Ni kaina ba na sa littafin da ban karanta ba.

Gasar karatu tana da amfani?

Tana da shi in ba kullum mutum uku ne ke lashewa ba. A ba da kyauta ga wanda ya fi ƙara gaba, da wanda ya fi yawan aro, da rukunin da ya fi iya mayar da labari wasan kwaikwayo. Ranar 21 ga Fabrairu ta harshen uwa, ko 23 ga Afrilu ta littafi, ko 27 ga Mayu ta yara, duk sun dace a gayyaci iyaye da mai gari. Kyautar ta zama littafi.

Bulala kuwa ba ta da wuri a kan tabarmar karatu. Yaron da aka doka don ya yi tuntuɓe a kalma, gobe ba zai buɗe baki ba.

In aka rufe makaranta, ko don hutu ko don rashin tsaro, yaya za a yi kada karatun ya zube?

Wannan ya shafi 'yan'uwanmu na kudancin jihar da na Zamfara fiye da kowa, inda yara da yawa suka yi watanni a gida, wasu ma a garin da ba nasu ba. A irin wannan hali a raba akwatin gida uku ko huɗu, a danƙa wa amintattun mutane cikin unguwa: malama mai ritaya, matar liman, ɗalibin kwalejin ilimi da ya dawo hutu. Yara kaɗan-kaɗan, cikin gida, da rana, da sanin mai unguwa. Kada a tara yara da yawa wuri ɗaya in gari ba lafiya. Ransu ne gaba. Inda akwai waya mai WhatsApp, malami yana iya karanta labari ya tura muryarsa ga iyaye, tare da hoton shafin.

Ta yaya zan san ko yaro yana ci gaba?

Ka ware shi gefe, ba a gaban aji ba. Ka ba shi ɗan gajeren labarin da bai taɓa gani ba, ka duba agogo, ya karanta na minti ɗaya. Ka ƙirga kalmomin da ya faɗa daidai ka rubuta. Sai ka karɓe takardar ka yi masa tambaya uku: wa ake magana a kai, me ya faru, don me ya faru. In ya yi gudu amma ya kasa amsawa, ya rage sauri ku riƙa tattauna labari. In yana amsawa amma yana jan kalma da ƙyar, ya ƙara maimaita littattafai masu sauƙi, ko da ya karanta ɗaya sau biyar. In harafi ne ke tsayar da shi, ku koma kan marafan kwalba. Wanda kuma kullum yake kai takarda dab da hanci, ko yake juyo kunne ɗaya in ana magana, a gaya wa iyayensa su kai shi asibiti a duba ido da kunne.

Bayan mako shida ka sake gwadawa da wani labarin mai tsawo iri ɗaya. Ka rubuta sabuwar lambar kusa da tsohuwar, ka nuna masa su biyun, ka ce ya kai wa mahaifiyarsa takardar.